Bangon Tanderu

Ƙarfe ɗaya na dare a Tawa.
Ɗari ya sauko, yana bin kwararo-kwararo,
yana lalube ƙarƙashin ƙofofi kamar mai bin bashi.
Ni ina kwaɓa fulawa, aikina tun gashina na baƙi.

Bara, a irin wannan wata,
an tsinci wani dattijo a bakin tasha,
ya naɗe kamar tabarma, hannuwa tsakanin cinyoyi.
Ba wanda ya san sunansa.
Mu shida muka sallace shi.
Burodin da na gasa a daren ya fito da kyau,
abin da ke ci mini rai ke nan:
taku ɗari biyu ne tsakaninsa da wutata.

Shi ya sa bana na tari Alhaji Nomau, mai gidan burodin.
Na ce, ɗakin buhunan nan da ke jingine da tanderu,
bangonsa na da ɗumi har asuba,
ɓeraye kaɗai ke morarsa.
Ya ce, "In aka sace mini fulawa fa?"
Na ce a cire a albashina.
Ya daɗe yana juya makulli a yatsa,
sannan ya ajiye shi bisa tebur.
Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Habsu mai kunu ta kawo tabarmi uku.
Illa tela ya harhaɗa ƙyallayen ɗinkin salla,
bargo ya fito, rabi shadda, rabi atamfa,
gefe guda yadin ƴan makaranta.
Samarin fada, masu kwana a kan butar shayi,
waɗanda muke cewa ba su da ranar komai,
su ke zaga gari da tocila da kabu-kabu guda
suna leƙa ƙarƙashin rumfuna.

Daren farko mutum huɗu.
Yanzu sha tara, in ka haɗa da jaririyar.

Akwai Agali, da motar Arewa ta sauke
da leda ɗaya a hannu.
Garinsu tafiyar jaka biyu ce daga nan.
Mun haɗa masa kuɗin, ya mayar.
Ya ce shekara bakwai uwarsa na gaya wa maƙwabta
ɗanta zai dawo da kwanon rufi,
yaya zai shiga mata da leda?
Shi ke faskara mana itace yanzu.
Ba mu sake tayar da maganar ba.

Tsahara kuwa ta ƙi zuwa.
Tana gindin sandar lantarki, bayan kasuwa,
tana jiran wani da ya ce kada ta motsa.
Kowa ya matso, sai jifa.
Habsu ce ta yi dabara:
tubali biyu daga bakin wuta, a naɗe cikin tsumma,
a ajiye ɗan nesa, a juya baya.
Da safe mukan same su a jere, sun huce,
wata rana da dabino guda a kai.

Ba kullum ake kwana lafiya ba.
An ba hamata iska kan gurbin jikin bango.
Wayar Illa ta yi ƙafa.
Tari ya zaga ɗakin, ya fita, ya dawo.
Daren da itace ya ƙare, na fasa benci.
Alhaji ya ƙirga buhunansa sau biyu a gabana,
ya same su cif, ya tafi yana tsaki.
Kashegari sai ga barguna biyar a ƙofa,
ba a ce daga wa ba.

Ga ladan can yana gyaran murya.
Kafin in fitar da gashin farko
nakan tura ƙofar a hankali, in tsaya.
Ba fuska nake dubawa ba, bargo nake dubawa,
in ga yana hawa, yana sauka.
Sha tara.
In sake ƙirgawa daga ɗaya gefen.

Sannan in koma bakin wuta.
Ƙa'idar gidan, burodin da ya karkace ba ya sayuwa,
gefe ake ajiye shi.
Kwanakin nan, ban san me ya same ni ba,
hannuna ya faye karkacewa.