Kurfi da Guduma

Ranar da masaƙar Kakuri ta rufe ƙofa
hannuwana suka zama baƙi a gidana.
Shekara ashirin da shida suna bin zare,
sai ga su kan cinya, suna jiran shayi ya huce.

Wata Laraba na shiga Panteka,
ba sayayya ta kai ni ba, kewar ƙarar ƙarfe ce.
Maikano maƙeri ya shimfiɗa mini kurfi uku,
mai tsini, mai faɗi, da mai haƙora kamar mataji,
sai guduma da aka yi wa ƙota da ƙirya.
Ya ce, "Haɗa da tabarau, Baba,
tsakuwa ba ta sallama in za ta shiga ido."

Dutsen daga Kujama na ɗauko shi,
inda masu fasawa ke watsar da saura.
Mai a-daidaita ya dube ni, ya dubi kayana,
ya ƙara ɗari biyu, bai ce uffan ba.

Bugun farko kurfi ya goce,
guduma ta sauka kan babban yatsa.
Asabe ta leƙo daga madafa riƙe da ludayi:
"To, ta nan tsufa ya biyo maka?"

Na kwana uku ina dukansa kamar mai bin bashi,
bai ba ni komai ba sai tartsatsi da bororo.
Sai na nemi Baba Shekwolo a Kakau,
wanda rabin matan ƙauyen ke niƙa a kan aikinsa.
Bai taɓa kurfina ba. Ruwa ya zuba wa dutsen,
jijiyoyi suka fito, ja da fari, kamar bayan hannun tsohuwa.
Ya ce, "Ga hanyarsa nan, bi ta.
Ƙwanƙwasa ka saurara tukuna:
in ya amsa kamar tasa, lafiyarsa lau,
in ya amsa kamar fasasshen tulu, bar shi inda ka gan shi.
Karkata kurfin. Ba sokewa za ka yi ba,
ɓare shi za ka yi, kamar rogo."

A masaƙa ƙari muke yi,
zare kan zare har zane ya cika,
in ya tsinke ka ƙulla, ba wanda ya sani.
Nan kuwa ragi ne kawai,
abin da ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan,
babu ƙulli, babu ban haƙuri.

Turmi na nufa, ɗan ƙarami,
na dakan tafarnuwa da citta.
Kullum bayan la'asar ƙarƙashin mangwaro,
tak, tak, har maƙwabci ya daina tambaya.
Mako biyar rami yana zurfi,
bororo ya fashe, ya koma kanta,
gashin girata ya yi fari da garin dutse.

Ranar ƙarshe aka kira magariba,
na ce bari in ƙara bugu ɗaya.
Wannan ɗayan ne ya cire leɓen turmin.
Na zauna da ɓallin a tafin hannu,
yana da ɗumi, kamar haƙorin da aka cire yanzu.

Asabe ba ta yi dariya ba, na gode mata.
Da safe na tarar ta cika shi da ruwa,
'yan tsaki bakwai sun kewaye shi,
ta wajen giɓin ƙaramin cikinsu ke sha,
don nan ne wuyansa ke kaiwa.

Jiya na koma Kujama.
Na ƙwanƙwasa guda tara kafin ɗaya ya amsa.
Yana nan jingine da mangwaro, jiƙe da ruwa.
Ban taɓa shi ba tukuna. Ina kallon jijiyarsa.