Kilo Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba a Kottayam,
fitila a goshi, wuƙa a hannu,
ina tsaga jikin itacen roba,
yana ɗigar da farin hawaye cikin ƙoƙon kwakwa.
Itace ba ya tambayar wa zai amfana.
Ni kuwa ina tambaya.

Da azumin kwana hamsin ya kama
na ce wa Fada Kuriakose na bar nama, na bar kifi,
har da sukarin shayi.
Ya dube ni, ya yi murmushi kawai.
Kifin ai tun bara na bar shi:
tsoka ga Thresia, tsoka ga Outha,
ni da kai da ƙaya,
ina rantse musu nan daɗin yake.

Aleyamma tana Kuwait tana jinyar iyayen wasu.
Muryarta kan zo ran Lahadi,
ta tafi ban gama labari ba.
Ban gaya mata zancen haƙorin ba.
Kuɗin cirewa na tara a gwangwanin kofi,
sai takalmin Thresia ya wage baki,
kukansa ya fi na haƙorina.
Na danna kanumfari, na koma tauna ta hagu.

Kada in yi ƙarya a gaban Mai Sama:
akwai daren da na zauna a bakin rijiya
ina ƙirga abin da na rasa, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai bin bashi.
Barci. Babur. Ni kaina.
Ba wanda ya zo biya.
Na tashi na jiƙa shinkafar gobe.

Daren Ista na goge farin zanena,
zan tsaya a sahun gaba da kyandir.
Sai jikin Outha ya ɗau wuta.
Ya yi amai a kan farin zanen.
Na saɓa shi a kafaɗa,
daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa,
ƙararrawar coci tana tsallako kogi
tana neman wanda ba ya nan.

Na zaci gicciye katako ne,
a ɗauka a gaban jama'a, a ce sannu.
Nawa kilo goma sha ɗaya ne,
yana da zazzaɓi,
yana jan kunnena cikin magagi.
Yesu, in ka tashi yau, biyo ta nan.
Ɗakin yana wari, amma shigo.

Gari ya waye, zufa ta karyo masa.
Maƙwabciya ta aiko da wainar shinkafa da kifi guda.
Kafin in miƙa hannu
Thresia ta cire kan, ta ja gabanta,
ta turo mini tsokar.
“Ci, Baba. Ni na fi son kai.”

Shekararta tara.
Ban san yaushe ta koyi ƙaryata ba.
Na ci, ta hagu, a hankali.