Jiragen Dona Graciete

A Nazaré, duk ranar Talata,
ƙarfe goma da 'yan mintoci,
Dona Graciete kan shigo ɗakin gashin ƙashi
da gishirin teku a mayafinta
da sandar da ta ƙi kira sanda.
"Ƙanwata ce," in ji ta, "rakiya take yi mini."

Shekara saba'in da tara.
Hamsin a ciki a bakin ruwa ta yi su,
tana shanya kifi a kan raga,
kwando a ka, ɗa a hannu.
Ƙugun da ya jure wannan duka
a banɗaki ya karye bara,
kan tabarmar roba mai zanen furanni.

Nakan ce, kama ƙarfen nan.
Tashi. Zauna. Tashi.
Sai ta harare ni:
"Telma, tsai da magana ɗaya mana."

Likita ya rubuta mantuwa ta fara leƙowa,
shi ya sa muke jifan tsuntsu biyu:
ƙafa na tafiya, baki na lissafi.
Daga ɗari a dawo baya, bakwai-bakwai.
Casa'in da uku.
Tamanin da shida.
Shiru.
Ta tsaya cak a kan shuɗin layi,
idonta na neman lambar a silin,
gwiwarta na rawa.

Ranar na kife takardata.
Na ce, bar lissafin nan,
kira mini jiragen garin, na da.

Taki ɗaya: Boa Sorte, na gurgun nan mai rowa.
Taki biyu: Senhora da Guia, mai jan hanci.
Uku, huɗu, ta saki ƙarfen ba ta sani ba,
ta shiga faɗa da wani mamaci
kan kuɗin kifin da bai biya ta ba.
A taki na sha bakwai muryarta ta sauka:
Três Irmãos,
wanda ya fita da Firmino da asuba,
aka ajiye masa miya a kan wuta.

Ba ta tsaya ba.
Ashirin da biyu, tafinta ya taɓa bango.

Ta waiwayo tana haki.
"Ina ƙanwata?"
Tana can jingine bayan ƙofa, Dona.

Da za ta fita ta riƙe fuskata,
ta kira ni da sunan 'yarta da ke Faransa.
Na amsa.
Na rubuta ashirin da biyu,
na ja layi a ƙarƙashi.