Sai Kumfa Ta Tsaya

Shekara biyu mahaifina, Orval Tveit, ya yi
yana neman injin sassaƙa ƙarfe.
Na farko ya ce gajere ne,
bututun bindiga ba zai miƙe ƙafa a kansa ba.
Na biyu sabo dal, fenti sai ɗaukar ido,
ya ƙwanƙwasa shi da zobe, ya kasa kunne,
ya ce, "Marlys, wannan gwangwani ne ya sa riga."

Na uku a ƙarshen Montana muka same shi,
bayan shagon wani mamaci,
ƙarƙashin tamfol da kashin ɓera.
Ya girme ni. Ya kusa girme shi.
Baba ya bi gadonsa da farce, a hankali,
kamar mai laluben karaya a ƙafar doki,
bai yi ciniki ba.

A-kori-kura ta durƙusa da nauyinsa.
Mil ɗari da tamanin muna rarrafe,
dusar ƙanƙara na rufe sawunmu.
Maƙwabta uku, sarƙa ɗaya, bututun ruwa a ƙasa,
muka mirgina shi cikin gareji taku-taku.
Motar Mama ta koma kwana a waje,
Mama kuwa ta daina yi mana magana har Laraba.

Na ɗauka an gama. Ashe yanzu aka fara.
Daɓen siminti maƙaryaci ne, in ji Baba,
ido ya ce ya miƙe, ƙarfe ya ce a'a.
In ƙafa ɗaya ta nutse da kaurin gashi,
gadon zai murɗe,
duk abin da ka fere zai fito da kai babba, gindi siriri,
harsashi ya tafi inda ba ka aike shi ba.

Ya ɗora ma'auni mai kumfa a ciki.
Kumfar ta gudu hagu.
Na kwanta rub da ciki a kan sanyi,
ina cusa yankan gwangwanin lemo ƙarƙashin ƙafa.
Ta gudu dama.
Na zare. Na sa mafi siriri.
Ta yi kamar za ta zauna, ta fasa.

Kwana huɗu.
Hannunsa na rawa tun bara, ba ma zancen.
Shi ke duba kumfa, ni ke juya noti,
"Kaɗan. Kaɗan. Kin zarce. Koma."
Ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon haka ba
tun ina 'yar firamare.

A bango bindigar kakana na rataye,
wadda ta ciyar da gidan nan da naman barewa
hunturu arba'in,
bakinta ya cinye, ta fara ƙarya ita ma.
Don ita aka yi duk wannan wahala.

Daren Asabar kumfa ta tsaya tsakanin layi biyu
kamar wadda ta gaji da mu.
Baba ya tsayar da kwabo a kan gefensa bisa injin,
ya kunna.
Gareji ya cika da gurnani mai laushi.
Kwabon bai faɗi ba.

Na miƙa hannu zan sauko da bindigar.
Ya ce, "Bar ta. Ta jira shekara goma, ta ƙara kwana."
Ya ɗaure guntun tagulla,
ya ja ni gaban injin, ya koma bayana.
Ɓawon ƙarfe ya dinga zuba a murɗe, da ɗumi,
yana maƙale mini a hannun riga.

Abin da muka fara fitarwa
ɗan marfi ne, mai kamar goro,
na murfin tukunyar Mama da ya ɓalle tun ina goye,
wanda take ɗagawa da cokali mai yatsu.

Da safe ta gan shi, ta juya shi, ta ɗaga,
ta ce, "Motata fa har yanzu tana waje."
Amma ta sa hannu ta sake ɗagawa.