Daren Alhamis a Teburin Shayi

A teburina na shayi, bakin Birni,
daren Alhamis yara kan cika benci
su ga Mutari Kiyari
yana rarrafe kan yashin Termit,
yana raɗa kada barewa ta firgita.
Mu ma sai mu rage murya,
har cokali nakan daina kaɗawa.

Ba kumurci ba, ba kura ba.
An ce ya idar da la'asar,
ya nemi ruwa,
kafin a kawo moɗa ya tafi.

Jiya tele na labarin farashin gero.
Ƙaramin cikinsu, Ɗan Tani, ya ja rigata:
"To, wa zai gaya wa jimina?"
Na zuba masa shayi, ban karɓi dala ba.