Mai Sauraron Laka

Ɗakin tiyata na huɗu, asibitin Talcahuano.
Ba ni da wuƙa, ba ni da almakashi.
Kujerata na lungu, bayan likitar barci,
allo ɗaya gabana, wayoyi talatin da biyu.

Eleuterio Painemal ke kwance,
shekara arba'in yana ɗinkin taru a bakin teku.
Ni na kafa masa allurai bayan barci ya ɗauke shi:
fatar kai, tsintsiyar hannu, tafin sawu.
Yatsunsa duk kanta, gishiri bai bar su ba.

Aikina aike ne.
In tura ɗan lantarki daga ƙoƙon kai,
ya gangara laka, ya ratsa wuyan da aka buɗe,
in jira babban yatsa ya ce ya ji.
Ya amsa da ƙarfe tara. Ya amsa da goma.

Sha ɗaya da minti bakwai
tudun da ke allo ya kwanta.
Na laluba waya. Na sake aike.
Shiru.

"Dakta Quilodrán, dakata.
Hannun hagu ya ɗauke, ƙafa na bin sa."
Muryata ta fito siririya, aka kashe rediyo.
Aka sassauta ƙarfe, aka zare ƙusa,
aka ɗaga bugun jini.
Minti goma sha tara ina zura wa layi ɗaya ido,
yawun bakina ya ƙafe.

Ƙafa ta dawo, kaɗan-kaɗan, kamar mai jin kunya.
Hannu bai biyo ta ba.

Kwana uku na leƙa ɗakinsa, ko da yake ba hurumina ba ne.
Fresia, matarsa, na ba shi romon kifi a cokali.
Ya motsa mini yatsun ƙafa ƙarƙashin bargo,
hannun hagu na kan matashi kamar na aro.
"Ke ce mai wayoyin?"
Na ce ni ce.
Ya ce jikansa ya iya ƙulli biyu, saura biyar,
da baki zai koya masa.

Cikin bas ina ta lissafi:
amsar ƙarshe, sha ɗaya da minti biyu.
Minti biyar tsakani.
Da na aika a na uku fa?
Likita ya ce ni na ceci ƙafafun.
Na ji. Hannun nake gani.

Gobe da bakwai akwai wani wuyan.
Na kunna ƙararrawa, na kwanta da takalmi.