Gwangwanin Gwamnati

Daren ƙarshen Afrilu a Setúbal,
iska ta kwaso ƙarnin kifi daga bakin teku,
ni kuwa na ture kwanon miya gefe
na zazzage rasit a kan tebur.

Ni ce Graciete, mai gyaran tayil ɗin bango,
shuɗi da fari, waɗanda suka girmi kakata.
Ba ni da ubangida.
Haka nake faɗa a shagon kofi, da ɗan ɗaga kai.
Abin da nake haɗiyewa:
ni ce mai kamfani, ni ce lebura,
ni ce akawun da ke lissafi da yatsu.

Shekara talatin babana ya yi a masana'antar kifin gwangwani,
bai taɓa haɗa ido da harajinsa ba.
Kafin albashi ya iso tafinsa an yanke,
kamar yadda ake cire kan kifi kafin a jera shi.
Nawa kuɗin da kansa yake zuwa, da ƙayarsa,
ni ce da wuƙa.

Shi ya sa na ajiye gwangwani a saman kabad.
Duk yuro huɗu, ɗaya nasa.
Na rubuta a murfin: BA NAKI BA NE.

Amma Fabrairu ba ta iya karatu ba.
Kwana goma sha tara ana ruwa, ba bangon da ya bushe,
gwiwata ta tashi kamar ƙullin burodi,
motar aiki ta ce sai da sabon batir.
Na buɗe murfin, na ce rance ne.
Mai cin bashi a hannun kansa ba ya rasa uzuri.

Ga kuma Valdemar mai otal.
Na mayar wa mala'ikunsa biyu fukafukai,
na ɗinke jirgin ruwan da ya tsage a zaurensa,
na yanka masa rasit, ya ce mako mai zuwa.
Mako bakwai ke nan.
Kwamfutar hukuma ta riga ta ƙirga kuɗin,
a wurinta na ci, na sha, har na wanke hannu.

Ba ƙin biya nake yi ba.
Asibitin da ya zuƙe ruwan gwiwata
ba da fatan alheri ake kunna fitilunsa ba.
So nake dai fom ɗin nan ya bar mini layi ɗaya
inda zan rubuta: an yi ruwa.

Sha biyu saura kwata.
Na sake ƙirgawa, na sake,
yuro ɗari biyu da sha ɗaya sun ƙi fitowa.
Na cika gaskiya a kowane gurbi,
na danna, ya tafi.

Gobe da farar safiya
zan zauna a zauren Valdemar, ƙarƙashin mala'ikuna,
da kayan aikina masu ƙura, gaban baƙinsa,
gwangwanin a kan cinyata, murfi a buɗe,
har ya sauko.